Ado ko Aiki: Yadda Za Ka Sayi Agogon Hannu Ba Ka Yi Cizon Yatsa Ba

Duk lokacin da Sallah ta matso, ko aka sa ranar auren wani cikin abokai, tambaya ɗaya ce ke dawo mini: wane agogo zan saya? Wani ya turo hoton ƙaton agogo mai ruwan gwal da ƙananan fuskoki uku a ciki, ya ce, “Wannan fa, ya ka gani?” Ni kuma sai in mayar masa da tambaya: da shi za ka riƙa alwala? Yawanci daga nan sai ka ji shiru, domin mutum ya ga agogon ne a hannunsa ranar ɗaurin aure, sanye da babbar riga, bai gan shi ranar Talata da azahar ba, yana gumi a layin buta. Ranar bikin ɗaya ce, Talatocin kuwa ba su ƙirguwa. Ga matakan da nake bi da duk wanda ya nemi in raka shi kasuwa, kuma jerin yana da dalili: kada ka fara da mataki na takwas, wato zuwa shago.

1. Bi hannunka na mako guda

Kafin ka kalli kowane agogo, ka yi kwana bakwai kana lura da inda hannunka ke shiga. Sau nawa yake jiƙewa? Kana tuƙa mashin ko A Daidaita Sahu? Kana ɗaga buhu, kana taɓa man inji, ko kuwa daga mota sai ofis mai sanyi? Kaftani mai maɓallin hannu ka fi sawa, ko ƙananan kaya? Kana buƙatar ganin lokaci cikin duhu idan an ɗauke wuta, ko ƙararrawar da za ta tashe ka sahur?

Amsar nan ce za ta gaya maka ko agogo ɗaya zai ishe ka ko sai biyu. Malamin makaranta, ma'aikacin banki, ko mai shagon yadi a Kantin Kwari, agogo ɗaya na ƙarfe mai sauƙin fuska zai kai shi aiki ya kai shi biki. Amma makanike, manomi, birkila da ɗan acaɓa, gara su raba: na roba mai jure duka don aiki, na kwalliya a ajiye a akwati sai Juma'a da Sallah. Ma'aikacin asibiti kuma ya tabbata akwai hannun sakan da ake gani sosai, saboda ƙirga bugun jini.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne neman agogon da zai yi komai da kuɗin da bai kai ba. A ƙarshe sai a samu wanda ba cinya ba ƙafar baya, bai yi kyan zuwa biki ba, bai jure aiki ba.

2. Yanke kasafi tun a gida

Tun da aka saki naira a 2023 farashin agogo ya daina zama wuri ɗaya, don haka zan ba ka kimanin kuɗin da dala, kai ka buga da canjin ranar, ka ɗora ɗan abin da ɗan kasuwa zai ci.

Daga dala 15 zuwa 30 za ka samu ƙananan Casio masu lamba irin su F-91W da A158W. Daga 30 zuwa 70 akwai Casio masu hannu na jerin MTP, da kuma MDV-106 wanda ake kira Duro. G-Shock masu sauƙin kuɗi irin DW-5600 da GA-2100 suna tsakanin 50 zuwa 100 da 'yan kai. Idan ka haura zuwa 150 har 350, nan ne Orient Bambino, Citizen Eco-Drive da Seiko 5 Sports suke. Rolex sabo kuwa, mafi arha a cikinsu ya wuce dala 5,000. Ka riƙe wannan adadin a ka, zai yi maka amfani idan wani ya tare ka a danja da akwatinsa.

Cikin kasafin ka ware wani abu don abin da zai biyo baya: batir duk shekara biyu zuwa uku, sabon maɗauri idan na fata ne, da wankin inji idan otomatik ne, wato marar batir. Idan kuma ka yanke shawarar sayen biyu, ni shawarata ka zuba kaso mafi tsoka a kan wanda za ka sa kullum. Mutane kan yi akasin haka, su kashe kuɗi a kan agogon da zai kwana wata uku a durowa, su ɗaura tarkace a sauran ranakun.

3. Zaɓi inji

Mai batir, wanda za ka ga an rubuta Quartz a fuskarsa, shi ne ainihin agogo sarkin aiki. Na kirki ba ya wuce kuskuren sakan 15 zuwa 30 a wata guda, yana jure girgiza, kuma duk mai gyaran agogo da ke zaune da ɗan akwatin gilashinsa a bakin kasuwa zai iya canza masa batir. Idan wannan ne agogonka na farko na kirki, ka tsaya a nan.

Otomatik ba ya cin batir, motsin hannunka ne ke tafiyar da shi. Dattawanmu sun san Seiko 5 da Orient tun da daɗewa, kuma har yau akwai waɗanda aka gada suna tafiya. Hannun sakan ɗinsa sulalewa yake yi maimakon tsalle, shi ya sa masu son agogo ke mutuwa a kansa. Sai dai ka san abin da ka saya: yana iya yin gaba ko baya da sakan 20 zuwa 40 a rana ɗaya, kuma idan ka ajiye shi kimanin awa 40 zai tsaya. Wato wanda ya cire shi bayan sallar Juma'a bai sake ɗauka ba sai Litinin, zai tarar da shi a mace, sai an sake saita lokaci da kwanan wata. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Gargaɗi: idan sana'arka ta haɗa da guduma, injin niƙa, ko yini a kan mashin a hanya mai gargada, kada ka sa otomatik a wurin aiki. Haka nan kada ka riƙa kwantar da shi a kan sifika ko jikin wani abu mai maganaɗisu, zai fara gudu kamar an kore shi.

Mai amfani da haske, irin Eco-Drive na Citizen ko Tough Solar na Casio, kamar don ƙasarmu aka yi shi. Rana ba ta yanke mana, kuma ba a buɗe bayansa kowace shekara biyu, wanda hakan ke nufin robar da ke tare ruwa tana daɗewa lafiya. Abin da ba ya so shi ne zaman duhu na watanni.

Agogon zamani mai haɗuwa da waya kuma, kafin ka saya ka tambayi kanka yadda wutar unguwarku take. Wasu kullum sai an yi musu caji, wasu su yi kwanaki. Kuma bayan 'yan shekaru batirinsa zai gaji, ba irin kayan da ake bar wa ɗa ba ne. Masu son agogon da ke nuna lokutan salla da alƙibla, irin Al-Fajr da alhazai ke tsaraba da shi, su tabbata an saita musu garinsu, in ba haka ba zai riƙa kiran sallar Makka a Gusau.

4. Ruwa, wato alwala

A nan ne mafi yawan agogon kwalliya ke faɗuwa, don haka bari in ɗan daɗe.

Juya agogon ka karanta bayansa. Lambar da aka rubuta ba ta nufin zurfin da za ka iya nitsewa da shi, gwaji ne na matsin ruwa da aka yi a masana'anta, agogon yana sabo, ruwan yana tsaye. Idan an rubuta Water Resist kawai, ko 30M, ko 3 ATM, fantsalin ruwa da yayyafi ne iyakarsa. 50M ko 5 ATM zai jure wanke hannu da ruwan sama. Daga 100M ko 10 ATM ne za ka iya sakin jiki har da iyo. 200M kuwa, irin na G-Shock da Duro, ba ka da sauran tunani.

Yanzu ka yi lissafi. Alwala biyar a rana, a shekara ta haura 1,800. Agogon da aka ƙera don ya gamu da yayyafi jefi-jefi, kai kana zuba masa buta sau biyar kullum, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40 yana busar da robar da ke cikinsa. Wata rana za ka wayi gari ka ga hazo a cikin gilashi, daga nan tsatsa ta kama inji.

Hanya biyu ce. Ko dai ka sayi mai 100M da maɗaurin ƙarfe ko roba, ka ɗaura shi da ɗan sako-sako yadda za ka iya tura shi sama da ƙasa ruwa ya kai fatar da ke ƙarƙashinsa, ko kuma ka yarda cewa za ka riƙa cirewa a kowace alwala. Idan ta biyun ka zaɓa, ka saba wa kanka wuri ɗaya tak da kake sa shi, aljihun gaba na riga, ba wanda makulli da canji ke ciki ba. Ni kaina na taɓa ɗora agogo a kan katangar wurin alwala a wata tasha, ban tuna ba sai da motarmu ta yi nisa. Tun daga ranar na koma mai 100M.

Akwai kuma maganar wane hannu. Da yawa cikin mutanenmu sun fi ɗaurawa a dama, wasu don son farawa da dama, wasu saboda hagu ce hannun tsarki. Idan a hagu kake sawa kuma maɗaurin na fata ne, ka yi tunanin wannan da kyau.

Gargaɗi: kada ka danna maɓalli ko ka ja abin saiti agogon yana jiƙe. Idan abin saitin mai murɗawa ne kamar noti, ka tabbata ka murɗe shi ya zauna bayan kowane saiti. Kuma ko mai 100M ne, ka cire shi kafin wanka da ruwan zafi lokacin sanyi, tururi da sabulu suna cin robar. Alamar IP68 da ake rubutawa a agogon zamani wani ma'auni ne dabam, kada ka ɗauka daidai take da 10 ATM.

Misali ɗaya zai nuna maka inda ado da aiki ke rabuwa. Orient Bambino agogo ne mai kyan gaske, gilashinsa a kumbure, ya dace da farar shadda matuƙa. Amma 30M ne, kuma yawanci da fata yake zuwa. Ga wanda ke da na biyu, madalla. Ga wanda shi kenan gare shi, wahala ya saya.

5. Maɗauri da gangar jiki

Fata ta fi komai kyau da manyan kaya, ta kuma fi komai saurin mutuwa a wurinmu. Gumin watan Afrilu kaɗai ya isa ya sa ta wari ta tsattsage, ga hunturu ya zo ya busar da ita. Idan ita kake so, ka auna faɗin wurin da take maƙalewa, yawanci milimita 18, 20 ko 22 ne, domin waɗannan su ake samu cikin sauƙi a kasuwa. Agogon da maɗaurinsa ke da wani yanka na musamman, ranar da ya tsinke sai ka yi ta yawo. Wanda ke kaffa-kaffa da fatar alade kuma ya duba cikin maɗaurin, domin akan yi shafi da ita: alamarta ƙananan huji-huji ne a jere uku-uku.

Sarƙar ƙarfe ita ce tsaka-tsaki, ta shiga ofis, ta shiga masallaci, ta shiga biki. Ka duba gefen 'ya'yan sarƙar. Idan ka ga kamar an naɗe falle ne, mai arha ce, tana cizon gashin hannu tana kuma saki da wuri. Idan dunƙulallen ƙarfe ne, ta fi nauyi ta fi ƙarko. Roba kuwa ta aiki ce, ba ta tsoron ruwa, sai dai bayan shekaru tana karyewa, kuma ƙaton agogon roba a ƙarƙashin babbar riga mai aiki, gaskiya bai zauna ba.

Gargaɗi: ga dabarar da ke kama mutane da yawa. Idan aka rubuta Stainless Steel Back, murfin baya ne kaɗai ƙarfen da ba ya tsatsa, sauran jikin wani ƙarfe ne mai arha da aka yi wa shafe. Gumi zai cinye shafen, gefen agogon ya yi ƙuraje, hannunka ya yi kore ko ya kama ƙaiƙayi. Abin da kake nema shi ne All Stainless Steel, ko ka ga 316L.

Sai maganar gwal. Sanannen abu ne a wurin malamai cewa ba a halatta wa namiji Musulmi sa zinare ba. Yawancin agogon da ke ƙyalli a kasuwa launi ne kawai, amma akwai waɗanda aka shafa wa zinaren gaske, za ka ga an rubuta Gold Plated ko 18K a baya. Idan ka ga haka, ka tambayi malaminka kafin ka biya. Ko an ajiye batun hukunci a gefe, ruwan gwal mai arha shi ne ya fi saurin tona asiri: wata shida ya koɗe a maƙulli da gefuna. Farin ƙarfe ko ya ƙarce, tsufa yake yi da mutunci.

6. Auna hannunka, ka tuna da hannun riga

Samo tef ɗin tela, ko zare da rula, ka zagaye wuyan hannunka daidai bayan ƙashin nan da ya turo. Idan ka samu santimita 15 zuwa 17, nemi agogo mai faɗin milimita 36 zuwa 40. Daga 17 zuwa 19, milimita 40 zuwa 42 zai zauna. Sai wanda ya haura haka ne 44 zai yi wa kyau. Idan ka ɗaura, ka kalli hannunka daga sama: ƙahonnin da ke riƙe maɗauri kada su leƙo waje da faɗin hannun. In sun leƙo, ya yi maka girma, ko mai shago ya rantse.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne kauri. Telolinmu suna son matse hannun kaftani, musamman mai maɓalli. Agogon da kaurinsa ya wuce milimita 12 ba zai shige ƙarƙashinsa ba, sai hannun rigar ya tattare a bayansa, ko maɓallin ya yi ta gogar gilashi, gefen shaddar kuma ya fara cinyewa. F-91W bai kai milimita 9 ba, GA-2100 yana ƙasa kaɗan da 12, shi ya sa yake cikin G-Shock ƙalilan da ke shiga hannun riga. Hanya mafi sauƙi: ka je kasuwa sanye da irin rigar da ka fi sawa. Idan kuma ka riga ka sayi mai kauri, gaya wa telanka ya ƙara ɗan sarari a hannun da kake ɗaurawa.

7. Fuska da gilashi

Miƙe hannunka, ka kalli agogon na ƙiftawar ido ɗaya, ka kau da kai. Ƙarfe nawa? Idan sai ka sake dubawa, fuskar ta cika hayaniya. Fararen hannaye a kan farar fuska suna da kyau a hoto, amma a rana tsaka ɓacewa suke. Baƙa, fara ko shuɗiya mai duhu, da hannayen da suka bambanta da ita, su ne ke tafiya da kowace kalar shadda. Rufe agogon da tafin hannu bayan ka haska shi da fitilar waya, ka ga ko hannayen na haske a duhu.

Gilashi iri uku ne. Na roba yana saurin ƙarcewa amma ba ya fashewa da wuri, kuma ana iya goge shi. Na tsakiya, wanda ake rubuta Mineral, shi ne a yawancin agogo. Sai Sapphire, wanda taurinsa ya kai 9 a ma'aunin da daimon ke da 10. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yashin da ke cikin ƙurarmu taurinsa kusan 7 ne, ya fi gilashin tsakiya. Duk sanda ka goge fuskar agogo da gefen riga lokacin hunturu, kamar kana goga masa sanfefa ne a hankali. Idan bambancin kuɗin bai yi yawa ba, ɗauki Sapphire. In ba hali, ka riƙa hure ƙurar kafin ka goge.

8. A shago: gwaji da gane jabu

Sai yanzu ne za ka tafi kasuwa, ko Sabon Gari a Kano, ko babbar kasuwar Kaduna, ko duk inda ya fi maka kusa. Ka je da rana, ka fito da agogon bakin ƙofa, domin fitilun cikin shago an sa su ne don komai ya yi ƙyalli. Ka tambaya kai tsaye: “Alhaji, tsakani da Allah, orijinal ne ko kwafi?” Da yawa za su gaya maka gaskiya idan suka ga ka san abin da kake yi, har ma su ce, “Yallaɓai, bari in ɗauko maka na ciki.”

Danna kowane maɓalli. Idan akwai ƙananan fuskoki a ciki, dole hannayensu su motsa, idan kuma na ƙirga lokaci ne su dawo kan sifili daidai. A agogon bogi sau da yawa manna su kawai aka yi, maɓallan ma ado ne. Ja abin saiti ka zagaya da hannaye har su wuce 12 sau biyu, ka ga kwanan wata ya canza, kuma lambar ta zauna a tsakiyar tagarta. A mai batir, duba ko hannun sakan na sauka a kan layukan ko kusa da su. Karanta rubutun fuska da na baya harafi-harafi, jabu kan yi kuskuren rubutu ko tawada ta malala. Ɗauki lambar samfurin da ke bayan agogon ka nema a shafin kamfanin ta wayarka, ka kwatanta hoton da abin da ke hannunka. A F-91W, idan ka danne maɓallin dama na 'yan sakanni, sunan CASIO zai fito a fuska. Sabon da bai nuna ba jabu ne, amma nunawar kaɗai ba ta isa shaida ba, domin masu kwafi ma sun koyi wannan.

Gargaɗi: Rolex, Hublot ko Patek Philippe na kuɗin buhun shinkafa ba sa'a ba ce. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: gara agogon China mai ɗauke da sunansa na gaskiya, irin Skmei ko Naviforce, ka san abin da ka saya da iyakarsa, da ka ɗaura sunan da duk wanda ya san agogo zai gane daga nesa. Wanda bai sani ba kuma, ai ba Rolex ɗin yake kallo ba.

Idan na hannu za ka saya, ka ce a buɗe bayansa a gabanka. Tsatsa, farin gari a wurin batir, ko tabon ruwa a gefen fuska, ka ajiye. A otomatik, saita shi da agogon wayarka, ka zagaya kasuwa ka yi sauran sayayyarka, ka dawo ka gani. Tsofaffin Seiko 5 da aka sake wa fenti mai kala-kala suna da yawa, fuska sabuwa fil, inji kuwa haɗe-haɗe. Masu saye ta intanet kuma, ka nemi bidiyon ainihin agogon yana tafiya tare da hoton bayansa, kuma ka fi son biya bayan kaya sun iso.

9. Ciniki da daidaita sarƙa

Ka taya a shago biyu ko uku kafin ka tsaya, kuma kada ka nuna wanda ya shiga ranka tun farko. In an sallama, ka sa a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar samfurin, da kalmar orijinal idan haka aka ce maka, da kwanakin da aka yarda za ka iya dawowa da shi. Karɓi kwali da takardar garanti in akwai.

Sarƙa a rage ta nan take, yawanci kyauta ne ko ɗan abin shan ruwa. A cire 'ya'yan daga ɓangarorin biyu don maƙullin ya zauna a tsakiyar cikin hannu. Daidai shi ne ƙaramin yatsanka ya iya shiga tsakanin sarƙa da fata. Ka tuna hannu kan ɗan kumbura da zafi, don haka wanda aka matse da sanyin safiya zai dame ka da la'asar.

Gargaɗi: karɓi 'ya'yan sarƙar da aka cire ka adana. Ranar da ka yi ƙiba ko ka so sayarwa, neman irinsu aiki ne.

10. Makon farko da canjin batir

Saita shi da wayarka ranar da ka saya, ka duba bayan kwana bakwai. Mai batir da ya yi kuskuren minti guda a mako yana da matsala, ka mayar tun kwanakin rasit ba su ƙare ba. A otomatik, kada ka canza kwanan wata idan hannayen na tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin haƙoran da ke juya kwanan suna sarƙe, kana iya karya su. Ka fara kai hannayen ƙarfe 6 tukuna.

Sarƙa da roba, duk mako biyu ka wanke su da tsohon buroshin haƙori da ɗan ruwa, idan agogon mai jure ruwa ne, domin dauɗar gumi da ƙura ita ke cin fil ɗin sarƙa. Turare kuma ka fesa ya bushe kafin ka ɗaura, musamman mai maiƙo, yana ɓata fata da shafen gwal.

Ranar da batir ya mutu kada ka bar shi a ciki, yana iya zubar da ruwa ya cinye inji. A wurin mai gyara, ka duba lambar da ke jikin tsohon. Masu hannu galibi suna cin wanda ya fara da SR, kamar SR626SW ko SR920SW, masu lamba kuma CR2016 ko CR2025. Akwai mai arha da ya fara da LR ko AG, girmansu ɗaya da SR, zai shiga ya yi aiki, amma ba ya daɗewa kuma ya fi saurin yoyo. Ka ce, “Malam, sa mini Maxell ko Renata, a ɓare a gabana.” Kafin ya rufe, ka leƙa ka tabbata siririyar robar nan da ke zagaye da murfi tana nan, ba ta tsinke ba, ba ta karkace ba. In ta bushe a canza ta, a ɗan shafa mata man silikon. Idan babu irinta a wurinsa, daga ranar ka ɗauki agogon a matsayin wanda ba ya shiga ruwa har sai ka samo.